Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai: Abin Da Ke Rage Wa Mota Gudu Bayan An Yi Mata Ƙari

Kwanakin baya aikin rangadin makarantu ya kai ni ƙasar Illela. Na bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Kware da Gwadabawa, tafiyar mil 50 da 'yan kai, har na sauka a Araba, wadda ke daf da iyakarmu da Jamhuriyar Nijar, ba nisa da Birnin Ƙonni. A can na tarar da wani tsohon ɗalibina na kwalejin horon malamai, wanda yanzu yake koyar da lissafi. Da muka gama duba rajista da littattafan yara, sai ya ce yana da wata damuwa, amma ba ta makaranta ba ce. Ya kai ni gindin wata bedi, ya nuna mini motarsa.

Motar nan 'yar Kwatano ce, mai ƙofa biyu, irin wadda samari ke sha'awa. Ya ce, "Ranka shi daɗe, da na saye ta babu motar da ke shan gabanta cikin abokaina. Na kashe mata abin da ya kai albashina na wata uku don in ƙara mata gudu. Ran nan muka jera da wani abokina a fako bayan gari, shi kuwa bai taɓa kwance ko da noti ɗaya a tasa ba, sai ga shi ya bar ni a ƙura. Yanzu makaniki ya ce injin ne ya gaji, sai a sake wani. Ina tunanin in jinginar da gonar da na gada."

Na tambaye shi abin da aka yi wa motar. Ya lissafa mini. An cire salansarta an sa wata mai faɗin baki. An fasa tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, an zubar da abin da ke ciki. An cire akwatin matatar iska an ɗaura wata buɗaɗɗiya a jikin injin. An sa manyan wili masu ƙyalli da faffaɗan taya. An cire tamostat. An kuma girke akwatin lasifika a but. Duk cikin mako guda aka yi waɗannan. Ya tayar da ita, ta yi ruri kamar hadarin Agusta, har awaki suka watse.

Na ce, "Malam, kafin a taɓa ta, sakan nawa take ci daga wuri kaza zuwa wuri kaza?" Ya yi shiru. Na ce, "To, yanzu fa, sakan nawa?" Ya ce bai auna ba, shi dai ya ga an wuce shi. Na ce, "Ashe kai da kake hana yara rubuta amsa ba tare da sun nuna aiki ba, kai ne za ka jinginar da gona a kan lissafin da ba ka yi ba?"

Na ga ya kamata in rubuta wannan al'amari, domin malamai da akawuna da yawa suna tara ɗan abin da suka samu su sayi mota ko babur, sa'an nan su miƙa wa mai gyara ya yi ta canje-canje, ba su da wata hanyar sanin ko gaba aka ci ko baya.

YADDA MASU TSERE KE AUNAWA

Akwai mutanen da suka mai da wannan awo sana'a, ya kamata mu ari dabararsu ko da ba mu ari wasansu ba. A Amurka, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, samari suka ɗauki ɗabi'ar yi wa motoci ƙari suna tsere a kan titin gari, ana ta asarar rayuka. A 1951 wani mutum mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a Kalifoniya, don a ɗauke wannan tsere daga titi a mai da shi fili killatacce, mai doka da alƙalai. A Ingila ma an buɗe irin wannan fili a 1966, ana kiransa Santa Pod, a kan wani tsohon filin jiragen yaƙi.

Tseren ba shi da kwana ko ɗaya. Mota biyu ke jerawa su tashi daga tsaye, su miƙe rubu'in mil, watau yadi 440, ko ƙafa 1,320, ko kuwa mita 402. Motar gida ta yau da kullum takan ci wajen sakan 15 zuwa 18. Mafi gudu cikin motocin da aka ƙera musamman don wannan wasa kuwa, tun 2008 aka rage musu nisan ya koma ƙafa 1,000, bayan wani direba mai suna Scott Kalitta ya rasu a fili. Suna cinye wannan nisa cikin abin da bai kai sakan 4 ba, da gudun da ya haura kilomita 500 a awa.

Abin da ya shafe mu shi ne 'yar takardar da ake miƙa wa ko wane direba in ya gama. A ciki an rubuta lokacin da ya ci kafin ya kai ƙafa 60 na farko, da na ƙafa 330, da na sumunin mil, da na ƙafa 1,000, da na rubu'in mil ɗin duka. An kuma rubuta gudun da motar ke yi a daidai ƙarshen fili. Gwani in ya karɓi takardar nan ba ya tsayawa kan jimlar lokaci kaɗai, sai ya dubi abu biyu ya gwama su, watau lokacin ƙafa 60 da gudun ƙarshe.

Dalili kuwa shi ne, gudun ƙarshe shi ke faɗin gaskiyar ƙarfin injin idan aka gwada shi da nauyin motar, lokacin ƙafa 60 kuwa yana faɗin yadda motar ta tashi. In an yi wa mota ƙari, gudun ƙarshe ya hau amma jimlar lokaci ba ta ragu ba, to, injin ya sami ƙarfi, sai dai ƙarfin yana zubewa a wurin tashi: ko taya na sulɓi, ko kuloci, ko direban ne bai iya sakin ƙafa ba. Masu wasan sukan ce ushirin sakan, watau kashi ɗaya cikin goma, in aka yi asararsa a ƙafa 60, yakan zama kusan biyu a ƙarshe. In kuwa tashin ya yi kyau amma gudun ƙarshe ya faɗi, to, laifin ba na direba ba ne, ƙarin da aka yi ne ya rage wa injin ƙarfi ko ya ƙara wa motar nauyi. Ka ga da lamba biyu an raba matsala gida biyu tun ba a ɗaga bonet ba.

AWON DA YA DACE DA MU

Mu nan ba mu da irin wannan fili, kuma hanyar Illela ba wurin tsere ba ce. Hanya ce ta manyan motoci da raƙuma da amalanke da garken shanu, balle ranar kasuwa. Dokar hanya ta ƙasa ta ƙayyade wa motar gida kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Amma akwai awon da mutum zai yi bai karya doka ba.

A sami miƙaƙƙiyar hanya shimfiɗaɗɗiya, nesa da gari, a lokacin da babu zirga-zirga. Direba ya sa giya ta uku, ya daidaita a kan kilomita 40, sa'an nan ya taka totur har ƙasa. Wanda ke gefensa ya riƙe agogon wayar hannu, ya danna a 40, ya tsayar a 80. A yi sau uku zuwa, sau uku dawowa, don iska da gangara su soke juna, a haɗa a raba shida. A rubuta rana, da sa'a, da yawan man da ke tanki, da yawan mutanen da ke ciki. Amfanin wannan awo shi ne ya fitar da gwanintar direba daga lissafi, tun da babu tashi babu canjin giya. Abin da ya rage ƙarfin motar ne tsantsa.

Haka muka yi da malamin nan washegari bayan asuba. Motar ta ci sakan 9.6. Daga nan muka nufi Illela wajen wani dattijon makaniki, wanda ya koyi aiki tun zamanin Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya ce, "Yaro, garin neman ƙiba ka samo rama." Na ce, "Baba, muna so a mayar da kayan nan, amma ɗaya bayan ɗaya, muna aunawa." Ya ce shi ma haka maigidansa ya koya masa, wanda ya sha magani biyar a dare ɗaya ba ya sanin wanne ya warkar da shi, ko wanne ya ƙara masa ciwo.

TAYA DA NAUYI

Muka fara da taya, domin ita ce mai sauƙin lissafi. Tayar asali an rubuta mata 195/65 R15. Ma'anarsa faɗinta milimita 195, tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 na faɗin, wilin kuma inci 15. In ka haɗa, tsayin tayar daga ƙasa zuwa sama ya kama santimita 63 da rabi. Sabuwar kuwa 215/55 R17 ce, tsayinta ya kusa santimita 67. Bambancin ya kai kashi 5 cikin 100.

Ga abin da wannan ke jawowa. Doguwar taya kamar dogon icen awo ce da aka rataya wa kaya a can ƙarshe: ƙarfin da injin ke aikowa bai sake ba, amma turin da ke isa ƙasa ya ragu da kashi 5 ɗin nan a ko wace giya. Ga shi kuma babban wili yakan fi nauyi, nauyin da ke juyawa kuwa ya fi na zaune cin ƙarfi, domin sai an tura shi gaba an kuma juya shi. Har wa yau maleji yakan shiga ƙarya, ya nuna 80 alhali motar tana kan 84. Sabo da haka duk wanda ya sake girman taya, ya auna gudunsa da na'urar wayar hannu mai aiki da tauraron ɗan adam, kada ya dogara ga maleji. Mu ma da ita muka yi namu awon. Da aka mayar da tayun asali aka ba su iska daidai ƙa'ida, lokacin ya sauko zuwa sakan 9.

Sai nauyi. Masu tseren rubu'in mil suna da wata ƙa'ida da suka saba faɗa, cewa ko wane laba 100, wajen kilo 45 ke nan, yana ƙara kamar ushirin sakan. Akwatin lasifikar nan sai da mutum biyu suka ciccibe shi. A ƙarƙashinsa kuma muka tarar da jarka biyu cike da fetur, wanda malamin ke ajiyewa don gudun yankewa. Litar fetur ta kusa kashi uku cikin huɗu na kilo, jarka mai lita 25 ta haura kilo 18 ke nan. Direbobin kan iyaka sun san wannan sarai: motar da aka ƙara wa sifirin don ta ɗauki buhunan albasa ta sami ƙarfin baya, amma ba ta sami ƙarfin gudu ba.

ISKA DA ZAFI

Injin fetur ba mai kaɗai yake ci ba, iska ya fi ci. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone sarai yana bukatar iska kilo 14.7. Iska kuwa in ta yi zafi sai ta buɗe, abin da ke shiga silinda a ko wane zuƙo ya ragu. Malaman kimiyya suna iya gwada wannan a allo. A safiyar hunturu zafin ƙasar Sakkwato yakan sauko wajen digiri 15 na ma'aunin santigired, da azahar ɗin bazara kuwa yakan kai 42. In ka ƙara 273 a kan ko wanne, ka raba 288 da 315, za ka ga iskar bazara ta gaza ta hunturu kauri da kusan kashi 9 cikin 100. Ƙarfin injin yakan bi ta ya ragu, ko da bai kai wannan adadi cif ba.

Na tambayi malamin yaushe ne ya riƙa cin abokansa. Ya ce cikin sanyi, da ya sayo motar. Yaushe aka ci shi? Ya ce cikin watan Afrilu, da rana tsaka. Na ce wannan bai isa hujja ba, tun da rana ɗaya ta dake su shi da abokinsa. Amma akwai inda ya fi abokin shan zafi. Akwatin matata na asali yana da bututu mai jawo iska daga gaban mota, buɗaɗɗiyar da aka ɗaura masa kuwa tana zuƙar iskar da ta riga ta gasu tsakanin injin da lagireto. Ƙarar zuƙarta tana da daɗi a kunne, amma iskar tanda take sha. Banda wannan, irin matatar nan ba a yi ta don ƙurarmu ba. Baba ya shafa yatsa cikin bututun ya nuna mana jan gari. Ƙurar nan ita ke ɓata sansar da ke auna iska, ita ce kuma ke cin ringi da silinda a hankali. Aka mayar da akwatin da sabuwar matata, aka wanke sansar.

ƘWAƘWALWAR MOTA

A nan ne motocin yanzu suka bambanta da na da. Mota mai kafireta, makaniki ke daidaita mata mai da iska da sukudireba, ya kuma juya mata tayimin da hannu. Mota mai injekta kuwa ƙwaƙwalwarta ke yin wannan, bisa labarin da sansoshi ke kawo mata. In ka ruɗa sansa, ka ruɗa ƙwaƙwalwa.

Tamostat wani ɗan bawul ne a hanyar ruwan lagireto, aikinsa ya riƙe injin a kan zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 90. Makanikanmu da yawa sukan cire shi, wai an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Abin da ke biyo baya shi ne injin ya daɗe bai kai zafinsa ba, musamman da safe ko a doguwar tafiya, ƙwaƙwalwa kuwa ta ɗauka har yanzu ana ɗumama shi, ta yi ta ƙara mai. Man da ya wuce kima ba ya ƙara ƙarfi, sai dai ya toshe fulogi ya tsinka baƙin mai. Baba ya kwance fulogi ya nuna mana bakinsu baƙi ƙirin da kunkunniya. Ya ce fulogi mai lafiya ruwan ƙasa yake yi, baƙi alamar mai ya yi yawa, fari fat kuwa alamar mai ya gaza, wannan ma ya fi haɗari domin yana iya ƙona fistin.

Salansa ma haka. Faffaɗan bututu yana iya taimakon injin da ke juyawa can sama, amma a juyin da muke tuƙi kullum yakan rage saurin fitar hayaƙi, motar ta rasa ja. Wajen fasa tukunyar hayaƙin kuma an tsinke wayar sansar da ke shinshina hayaƙi, fitilar gargaɗi ta kama, aka liƙe ta da baƙin salatif don kada ta dami mai mota. Da aka jona na'urar bincike, nan take ta faɗi laifin. Fitilar nan ba ado ba ce, a riƙa tambayarta.

A kula kuma da man da ake sha. Akwai wata sansa mai sauraron ƙwanƙwasar injin. In man ba shi da kyau, ko injin ya yi zafi ainun, sai ƙwaƙwalwa ta jinkirta tartsatsin fulogi don ta ceci fistin, ƙarfi ya ragu ba tare da direba ya ga dalili ba. Ba mu manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, motoci suka lalace, aka yi ta dogon layi. A garuruwan iyaka, inda ake yawan sayen mai a kwalba da galan, kada a auna mota sai da man da aka amince da shi.

ABIN DA YA RAGE

Kafin a yanke wa injin hukunci akwai gwaji uku masu arha. Na ɗaya kuloci: a sa babbar giya a taka totur, in kukan injin ya hau amma gudu bai bi shi ba, kuloci na sulɓi. Na biyu birki: bayan 'yar tafiya a kai hannu kusa da ko wane wili, wanda ya fi sauran zafi birkinsa na kamawa. Na uku matsin silinda, wanda ake aunawa da agogo ta ramin fulogi: in duka sun yi kusa da juna kuma sun kai abin da littafin motar ya faɗa, injin bai gaji ba. Motar malamin ta haye duka ukun. Watau injin da aka ce a jefar lafiyarsa lau.

Bayan kwana huɗu, da aka mayar da tamostat da salansar asali aka gyara waya, muka koma wurin awonmu a sa'ar da muka yi na farko. Motar ta ci sakan 8.1, ba ruri ba hayaƙi. Abu ɗaya ne bai dawo ba, tukunyar hayaƙin da aka fasa, domin abin da ke cikinta yana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ake samun masu saye, kuma sabuwa ba ta da arha. Wannan ita ce hasarar da ya ɗauka. Gona dai tana nan.

Ba ina cewa ƙari ba ya amfani ba ne. Peugeot 504 da ta ci tseren Safari na Afirka ta Gabas a 1975 an yi mata gyare-gyare masu yawa, amma injiniyoyi ne suka yi, da agogo da littafi a hannu. Sharaɗin ke nan. A auna kafin a taɓa, a sake abu ɗaya tak, a sake aunawa a yanayi iri ɗaya, a rubuta. Abin da ya rage lokaci a bar shi, wanda bai rage ba a mayar da na da, kuma kada a yar da kayan asali sai an tabbata.

Na roƙi malamin ya kai wannan lissafi aji, domin yaran da ke gabansa da yawansu direbobi da makanikai za su zama. Su lissafa tsayin taya daga lambobin jikinta. Su gano cewa motar da ta ci mita 402 cikin sakan 16, matsakaicin gudunta kilomita 90 ne a awa. Sa'an nan ya koya musu wanda ya fi duka muhimmanci: in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya yakan ninka huɗu. Na kuma karɓi alkawarinsa cewa ba zai sake jerawa da kowa a fako ba, domin yaran Araba da dabbobinsu nan suke bi.

Allah ya kiyashe mu da sharrin ƙarfe, ya sa mu sauka lafiya, amin.